Murmushin da Ya Shiga Sanarwar Rasuwa

Litinin, 2 ga Satumba

Na ga ya dace in rubuta yadda al'amura suke tun kafin su cakuɗe mini, domin ƙwaƙwalwa ta fara yi mini rowa. A ƙarshen Nuwamba zan ajiye aiki a gidan rediyon nan, inda na shiga da baƙin gashi, tun ana yanka zaren kaset da reza ana liƙewa. Kujerar labaran yamma, wadda na daɗe a kanta, za ta nemi mai zama. Manaja ya kira ni yau, ya ce in kawo masa sunan wanda zai gaje ni. Sa hannu ko ƙin sa hannu nasa ne.

Mutum biyu ne a gabana. Na farko shi ne wanda yara suke kira Tsawa saboda muryarsa. Ya iya aiki, sai dai ya fi son jin kansa a kan son a ji labarin. Ta biyu ita ce Auta, ƙaramar cikinmu, 'yar marigayi aminina, wadda ni na kawo takardunta da hannuna bayan rasuwarsa. Ban taɓa gaya mata ta iya ba. Ta iya.

Abin da na koya mata shi ne abin da aka koya mini. Ɗakin karatu kujera ne da makirufo da jar fitila, da tebur mai shimfiɗar yadi don kada takarda ta yi ƙara, sai gilashi. A bayan gilashin mai na'ura yake zama. Mai karatu hannun mai na'ura yake kallo, ba fuskarsa ba. Hannu sama, jira. Hannu ƙasa, fara. Yatsa yana juyawa, hanzarta. Tafin hannu a buɗe, sassauta. Duk abin da ke cikin ran mutum, na daɗi ko na baƙin ciki, a bakin ƙofa ake ajiye shi tare da waya. Akwai kuma rubutacciyar dokar gidan: ba a haɗa ma'aurata ko masu alkawarin aure a gefe biyu na gilashin nan. Ina cikin waɗanda suka ɗaga hannu ranar da aka kafa ta.

Alhamis, 5 ga Satumba

Na ba Auta taƙaitattun labarai da sanarwowin yamma a matsayin gwaji. Ni kuma ina tsayawa a ɗakin na'ura, bayan kujerar Dogo, mai na'urarmu, ina saurare.

Dogo yaro ne mai natsuwa da hannu, mai rawar kai da baki. Kullum da wata tsohuwar hula a kansa, har a cikin ɗaki. Ya ce da ni yau, "Baba, ka zauna mana, tsayuwarka tana sa allurar ma'auni rawa." Na ce masa allura ta san manya.

Auta ta ɗaga ido sama da hannunsa. Na gani. Wataƙila agogon bango take dubawa.

Laraba, 11 ga Satumba

Agogon bango yana wancan gefen.

Asabar, 14 ga Satumba

Maiɗakina tana wanke-wanke da rediyonta a kan taga, kamar kullum. Da Auta ta gama karanta hasashen yanayi, sai ta juyo da kumfa a hannu ta ce, "Malam, 'yar nan taka akwai wanda take karanta wa."

Na ce jama'a take karanta wa.

"Jama'a ba sa sa mutum ya faɗi 'gajimare' haka. Ka tambaye ta, ko kuwa ni in tambayi uwarta."

Na ce ta bar mini aikina in bar mata tukwanenta. Ta yi dariya, ta ce ai ni ma an taɓa jin irin haka a muryata a lokacin da nake da gashi. Wannan ba gaskiya ba ne.

Ya kamata in raba Auta da Dogo a cikin tsarin aikin mako mai zuwa. Sai dai ranar da Dogo yake kan na'ura karatunta ya fi kyau, kuma ina so Manaja ya ji ta a mafi kyawunta. Zan bari zuwa ƙarshen wata.

Alhamis, 19 ga Satumba

Zan rubuta shi yadda ya faru, ba ƙari.

Auta ta gama labarai lafiya, ta shiga sanarwowi. Ta biyu sanarwar rasuwa ce: matar wani kafinta, ta rasu wajen haihuwa, ita da abin da ta haifa. Ta fara daidai, murya a ƙasa, kamar yadda na koya mata. Ina tsaye bayan Dogo. Wayarsa, wadda bai kamata ta shigo ɗakin ba, ta yi haske a kan cinyarsa. Ya duba. Sai ya cire hularsa, ya rungume ta a ƙirji da hannu biyu, ya ɗaga kai yana kallonta ta gilashi, bakinsa har kunne.

Ta gani. Tana tsakiyar sunan marigayiyar. Fuskarta ta buɗe, murmushin ya shiga muryar, wata 'yar ƙaramar dariya ta kuɓuce mata, irin wadda ke fita ta hanci. Ta kama kanta nan da nan, amma ta faɗi "tare da jaririyarta" da sauran farin cikin a harshenta.

Na dafa kafaɗarsa na ce, "Ka san abin da take karantawa?" Ya dubi allurarsa, ya dube ni. Bai sani ba. Masu na'ura ba sa jin kalmomi. Nauyin sauti suke ji, ko ya yi yawa ko ya yi kaɗan. Na san haka tun kafin a haife shi, amma ban taɓa ganin abin ya ci mutum ba sai yau.

Ta ƙarasa sauran sanarwowin. Da fitila ta mutu ba ta tashi ba. Wayoyin ofis suka fara kuka kafin ta fito.

Juma'a, 20 ga Satumba

Na zaunar da su a ofishina, na rufe ƙofa. Bayanin ya fito a gutsuttsure. Mahaifin Dogo ya daɗe yana ƙin maganar aurensu, yana cewa ba ya son surukar da duk gari ya san muryarta. Jiya ne 'yan'uwa suka je masa zama na ƙarshe. Dogo ya yi mata alkawarin cewa da zarar labari ya zo, in mai daɗi ne, zai cire hula. Sun mai da shi alama ta biyar a kan huɗun da na koya mata.

Ya ce, "Baba, ni ne. Yanzu zan hau wurin Manaja."

Ta ce, "In ka hau, kada ka sauko wurina." Ba ta dube shi ba. "Muryata aka ji, Baba, ba a ji hularsa ba. In ya yi magana korarsa za a yi, a ƙara da cewa mun ɓoye alkawari. Ni kaɗai dakatarwa ce. Don Allah, Baba, kai ma ba ka ga komai ba."

Na ce mata idona bai mutu ba tukuna. Na kuma ce ba zan kai magana ba, amma in an tambaye ni ba zan yi ƙarya ba. Ta ce ta ji.

Ban yi musu barka ba. Sai da suka fita na lura.

Asabar, 21 ga Satumba

Wani ya yanko wurin dariyar daga shirin, yana yawo a wayoyi. Jikata ta kawo mini shi a kan tabarma tana tambaya ko na san matar. Sun sa mata suna, Mai Dariyar Gawa. An maimaita dariyar a jere, an ɗora mata kiɗa.

Litinin, 23 ga Satumba

An dakatar da Auta daga makirufo har kwamitin ladabtarwa ya zauna. An tura ta ɗakin ajiyar tsofaffin faya-fayai, a ƙarshen baranda, wanda ba shi da taga, ta riƙa goge ƙura tana jerawa. Manaja ya ce da ni a kan matakala, "Baba, wannan ce za ka kawo mini? Gara da Allah ya nuna mana da wuri." Ya ce masu talla biyu sun yi waya.

Tsawa ya karɓi sanarwowi. Ya karanta rasuwar yau da irin muryar da ake buɗe taro. Ba wanda ya yi ƙorafi.

Na karanta neman afuwar gidan da bakina a farkon labarai. Na karanta shi da kyau.

Alhamis, 26 ga Satumba

Yayan Auta ya zo gida, bai ko cire takalmi ba sai da maiɗakina ta yi masa magana. Ya ce mahaifiyarsu ta daina zuwa shagon da take sayen kaya, domin mai shagon ya kunna mata abin a gaban mutane. Ya ce, "Baba, kai ka kai ta can. Babanmu amanarta ya ba ka, ba makirufo ba. Ka ce ta ajiye aikin, ta zauna a gida har a manta."

Na ce in ta ajiye yanzu, da wannan dariyar za a san ta har ta tsufa. Ya ce to me ya ba ta dariyar? Na ce ya tambaye ta. Ya ce ya tambaya, ta ce tari ne. "Tari, Baba? Ni na goya ta, na san tarinta."

Bayan ya tafi maiɗakina ta ajiye mini shayi ta koma ɗakinta. Da ta yi faɗa da ya fi mini sauƙi.

Lahadi, 29 ga Satumba

Na kai Auta gidan kafintan. Ba Manaja ya sa ni ba.

Gida ne mai ɗaki biyu a bayan shagonsa. Sai an ratsa ta cikin katakai ake shiga. A lungun shagon akwai ƙaramin gadon jariri da bai gama ba, an jingina shi fuskarsa ga bango. Na so a ce ba ta gani ba. Ya karɓe mu a zaune, mahaifiyar marigayiyar tana gefe. Na yi ta'aziyya, na ba da haƙuri da sunan gidan da sunana. Auta ta durƙusa, ta ce abin da ta shirya.

Ya bar ta ta gama. Sannan ya ce, "Mun taru ne a nan muna jira a faɗi sunanta, don danginta na nesa su ji. Ni abu ɗaya nake so in sani, ƙanwata. Me ya ba ki dariya?"

Na zaci za ta ce tari. Ta ce, "A daidai lokacin aka yi mini alama cewa an yarda da aurena."

Tsohuwar ta ja mayafinta ta rufe baki. Shi kuma ya daɗe yana murza wani guntun katako a hannu, can ya ce, "To. Allah ya sanya alheri." Ya ƙara da cewa, "Ba na riƙe ki. Amma in na ji muryarki zan kashe rediyon. Ba ƙiyayya ba ce, ba zan iya ba ne."

A hanya ba ta yi kuka ba. Da muka isa mahaɗar da za mu rabu ta ce, "Baba, ka yi gaskiya tun farko. Hannu kawai." Na daɗe ina jiran ranar da za ta faɗi haka, kuma da ta faɗa ban ji abin da na zaci zan ji ba.

Laraba, 2 ga Oktoba

Dogo yana ajiye mata abinci a ƙofar ɗakin faya-fayai. Mai shara ce take ci.

Juma'a, 4 ga Oktoba

Kwamiti ya zauna: Manaja, shugabar ma'aikata, da ni. Auta ta tsaya ta ce laifinta ne ita kaɗai, hankalinta ne ya tafi wani wuri. Manaja ya riga ya jawo takardar sallama kusa da hannunsa; na ga kan takardar.

Sai ƙofa ta buɗe ba ƙwanƙwasawa. Dogo, kansa ba hula, abin da ban taɓa gani ba sai ranar sanarwar. Ya faɗi komai a tsaye: wayar, alamar, alkawarin. Ya ce, "Ranka ya daɗe, mutum yana tuƙi ka haska masa fitila a ido, in ya faɗa rami wa ya yi laifi? Ni na haska."

Shugabar ma'aikata ta juyo gare ni ta ce, "Baba, kana ɗakin. Haka ne?" Na ce haka ne. Ta ce ko na san da maganarsu kafin ranar? Na ce na yi zato, kuma tsarin aiki a hannuna yake, ban raba su ba. Na nemi a rubuta wannan ma. An rubuta.

Hukunci: ba a kori kowa ba. An mai da Dogo gidan eriya, can bayan gari, inda mutum ɗaya yake zama da injuna; an rage masa matsayi. Auta za ta koma makirufo bayan mako biyu, a shirin safe, bisa gwaji, kuma kuskure na gaba shi ne na ƙarshe. Manaja ya ce maganar kujerar yamma kada ma in tayar.

A baranda Dogo ya tare ta. Ban so in ji ba, amma barandar ƙunci gare ta. Ta ce, "Na ce kada ka yi." Ya ce, "Da sun kore ki." Ta ce, "Da sun kore ni ni kaɗai. Yanzu duk gidan nan sun san don namiji na yi wa gawa dariya." Ya kira ta da wani suna da ban taɓa jin an kira ta da shi ba. Ta wuce.

Talata, 8 ga Oktoba

Matar aminina, mahaifiyar Auta, ta aiko a gaya mini mutanen Dogo sun nemi ranar zuwa gaisuwa, Auta ta ce a dakata. Ba ta ce a fasa ba, ba ta kuma faɗi sai yaushe ba. Mahaifin yaron, da aka sha wahala kafin ya yarda, an ce yana cewa ai dama ya faɗa.

Ƙafata ta dama ta kumbura. Ban je asibiti ba.

Litinin, 21 ga Oktoba

Auta ta koma makirufo yau. Na zo da wuri don in ji. Na tarar ta riga ni, ta liƙe gilashin da tsofaffin takardun labarai daga sama har ƙasa, ta bar wata 'yar kafa daidai inda hannun mai na'ura yake tashi. Sabon mai na'urar ya ce da ni, "Baba, yau kuma da aljani zan yi aiki? Murya ba mutum." Na ce ya kula da allurarsa.

Ta karanta ba tuntuɓe ko ɗaya. Kowace gaɓa a wurinta, numfashi a inda ya dace. Akwai sanarwar rasuwa, akwai ta bikin buɗe makaranta, kuma da ba don kalmomin ba da ba a bambanta su ba.

Manaja ya leƙo ya ga takardun, ya ce wannan dabara ce mai kyau, a duba ko za a yi wa kowa haka.

Alhamis, 24 ga Oktoba

Ba kuskure.

Laraba, 30 ga Oktoba

Ba kuskure. Ta daina zama a ɗakin shan shayi. Tana gaishe ni da cikakkiyar gaisuwa, ta tambayi ƙafata, ta tambayi mutan gida, ta wuce. Da can takan tsaya ta yi mini gardama a kan yadda ake faɗin sunayen garuruwan waje, har sai na kore ta. Yanzu duk abin da na ce, "To, Baba."

Tsawa ya yi katoɓara jiya: ya tsallake layi a labarin hatsarin jirgin ruwa, ya mai da waɗanda suka tsira matattu, bai ma lura ba sai da aka yi waya. Manaja ya kira ni da kansa. Bai ambaci sunanta ba, ya dai ce, "Yarinyar nan ta safe, an ce ta gyaru." Na ce ba gyaruwa ta yi ba, dama ta fi kowa. Ya ce in rubuto.

Na rubuta. Hannuna bai yi nauyi ba, ko da yake na daɗe kafin in kai takardar sama.

Asabar, 2 ga Nuwamba

Na ɗauki motar haya zuwa gidan eriya. Na gaya wa maiɗakina dubiyar kayan aiki zan je. Ta ce in gaida kayan aikin, ta ba ni ƙunshin abinci in kai musu.

Ɗaki ɗaya ne a gindin doguwar eriyar, da shinge kewaye, ciyawa ta kai gwiwa. Injuna suna gurnani ba hutawa, har sai mutum ya ɗaga murya. Gado na ƙarfe, kujera ɗaya, butar shayi, da ƙaramar lasifika a kan tebur wadda dole Dogo ya bar ta a kunne don ya tabbatar shiri yana fita. Ya rame. Ya ba ni kujerar, ya zauna a kan akwatin kayan gyara.

Ya yi ƙoƙarin raha. Ya ce ya sami abokai, ƙadangaru uku, ɗaya ya fi Tsawa iya gyaɗa kai. Can ya ce, "Baba, ka san wani abu? A nan ba allura a gabana. Yanzu kalmomin nake ji. Duk safiya, tun daga sallama har ƙarshe."

Na ce to ai ya ji ba ta kuskure.

"Ba ta kuskure. Amma ba ita ba ce, Baba. Kamar an wanke riga har launin ya fita." Ya dube ni. "Ni na yi mata haka, ko?"

Na ce kowa ya sa hannu. Ya tambaya ko tana ambatonsa. Na ce ba ta ambaton kowa. Ya ce ya rubuta takardar barin aiki, wani kamfanin gyaran wayoyi zai ɗauke shi a wani gari. In ya tafi wataƙila a manta, ita ma ta huta. Na ce ya riƙe takardar zuwa ƙarshen wata. Ya ce don me? Na ce don ni na ce.

Litinin, 11 ga Nuwamba

Manaja ya sa hannu. Kujerar yamma tata ce daga farkon Disamba. Kafin nan za mu riƙa karɓa-karɓa. Na kira ta na gaya mata a tsaye, kamar yadda aka gaya mini a zamanina. Ta ce ta gode, Allah ya saka da alheri, za ta riƙe amana. Babu abin da ya motsa a fuskarta.

Ta kai ƙofa, hannunta a kan mariƙi, sai ta ce ba tare da ta juyo ba, "An ce ka je bayan gari."

Na ce na je.

"Akwai gidan sauro a ɗakin?"

Na ce ban gani ba. Ta tsaya kaɗan, ta ce, "To," ta fita.

Laraba, 13 ga Nuwamba

Yau ta karanta cikakkun labaran yamma karo na farko. Ban tsaya a ɗakin na'ura ba, tun da ba abin da zan gani sai takardu. Na zauna a ofishina na saurara a ƙaramar rediyo, kamar kowa. Daidai ne daga farko har ƙarshe. In da zan ba da maki ban san inda zan rage ba. Haka nake karantawa, haka na so a riƙa karantawa bayana, kuma na cika wa aminina alkawari: 'yarsa tana kan kujera mafi girma a gidan.

Na kashe kafin ta kai hasashen yanayi. Ƙafar ce ta dame ni.

An ce in yi jawabi a taron ma'aikata na Litinin, na ban kwana. Na shirya godiya da nasiha a kan kiyaye lokaci. Na soke nasihar. Ban ce dokar gilashi kuskure ba ce. Ba zan faɗi haka ba, kuma abin da ya sami kafintan nan ya isa hujja. Maganar tsarin aiki ce kawai: gidan eriya ba wurin mai hannu irin na yaron nan ba ne, asara ce ga gidan. Shirin safe yana bukatar mai na'ura mai kyau, ita kuma tana yamma, ba gilashin da zai haɗa su, sai dai baranda da ɗakin shayi, waɗanda doka ba ta ce komai a kansu ba. Gobe zan hau wurin Manaja. In ya ƙi, zan sake hawa jibi; bai taɓa ganina sau biyu a kan magana ɗaya ba.

Na rubuta ƙarshen jawabin a nan don kada in sassauta shi in na tsaya a gabansu:

"Abu uku nake nema kafin in miƙa makullin ofishina. A dawo da mai na'urarmu cikin gida. A cire takardun da ke jikin gilashin ɗakin karatu, domin ɗakin aiki ne, ba kurkuku ba. Sannan duk wanda yake da wancan guntun sautin a wayarsa, ya goge shi a gabana kafin mu tashi. Ban taɓa roƙon kowa komai a gidan nan ba. Ina roƙon shugabanni da abokan aiki, manya da ƙanana, har da ita wadda abin ya shafa, ku ba ni haɗin kai a kan wannan."